Ƙubbar da Ta Ƙi Ni a Mafaza

Gadarif, ranar Talata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Sakina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka Bur Sudan lafiya, ke da jakarki da littattafanki, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da direban da ke tsoron Allah kuma yake rage gudu a kwana. Innarki tana gaishe ki, ko da yake a daidai lokacin da nake rubutun nan kina gida tare da ita, kuma na tabbata kuna gardama a kan ko kwalbar man shanu za ta shiga jaka.

Na san za ki yi dariya. Ubanki da ba ya rubuta komai sai awo da alli a jikin saj, falankin ƙarfen da muke aiki da shi, yau ga shi da biro. An ɗauke wuta tun hantsi, injin walda ya yi shiru, ma'aikata sun bi ƙamshin gahawar jabana sun bar ni ni kaɗai a warsha. Zan cusa takardar a ƙasan ledar riɗin da innarki ta soya miki, don na san ki da riɗi, ba za a jima ba ki kai ƙasan ledar. Da baki na so in faɗa miki, to amma kafin in kai tsakiya za ki sa ni dariya, maganar ta watse.

Innarki ta gaya mini abin da kika ce mata kuna ninke kaya. Kada ki ga laifinta, tun da na aure ta magana ba ta taɓa wuce shayin safe a cikinta ba. Ta ce kin ce: "Inna, zan je dai in gani. Darasin nan da yaƙi ya katse mana jarrabawarsa ya fita daga kaina kakaf. In na ga ba dama, in shiga ofishin jami'a in nemi tajmid, a jingine mini shekarar, in dawo. Ai Baba ma yana bukatata wajen zanen awo." Na tambaye ta wane darasi, ta ce ita ina ta sani, wani mai suna kamar ciwo. Ni kuwa na san shi. Handasa tafaduliyya ce, wadda kika ce mini lissafin layuka masu lanƙwasa ne da fuskokin abubuwa masu kumburi da masu loɓawa.

To ya bitti, 'yata ta kaina, zauna ki ji. Ni Usta Haruna, gwanin ƙarfe, da na fara da guduma guda a inuwar bishiyar nim, yau daga Fau zuwa Basunda ba manomin kirki da bai san tankin ruwana ba, ba na yawan ba da labarin inda na yi kuskure, saboda wuraren ba su da yawa. Amma 'yan kaɗan ɗin da ke akwai, abin mamaki, duk a cikin littafinki suke.

Kafin a haife ki, wani ɗan kasuwar riɗi ya gina bene, ya ce yana son matakala mai zagaye ta hawa soro, irin wadda ya gani a Khartum. Na ce masa tamam, ya ɗauka an gama. Sandar tsakiya da tattakai ba su ba ni wahala ba. Sai madafa, ƙarfen nan mai faɗi da hannu ke bi ana hawa. Na ce me ke cikinta? Zobe ne da aka ja sama. Na kwantar da tsohuwar ƙafar tarakta a ƙasa, na naɗe ƙarfen a jikinta, ya fito zobe sumul, har na tsaya ina kallonsa ina yaba wa kaina. Sannan na ɗaura igiya, na kira maza, na ce ku ja. Muna ja zoben yana tsukewa, fuskar ƙarfen tana karkacewa, a ƙasa tana kallon sama, a tsakiya tana kallon maƙwabta. Da muka kai shi gidan, bai haɗu da sanda ko ɗaya ba. Mai gidan ya zagaya shi, ya ce, "Ya Usta, wannan ta mutane ce ko ta macizai?" Baffanki Abbakar Direba, da ya ɗauko mana kayan a motarsa, ya yi dariya har ya zauna a kan yashi. Har yau in ya ga igiyar wuta ta nannaɗe sai ya ce, "Ga matakalar Haruna."

Sai da na ɓata ƙarfe mai yawa kafin hannuna ya gane cewa aiki biyu ake yi tare: ka lanƙwasa kaɗan, ka murɗa kaɗan, ka matsa gaba, ka sake. Hannuna ya gane, amma da an ce in faɗa wa wani, ba zan iya ba. Sai daminar bara, kina zaune a rumfar rakuba ruwa ya hana kowa fita, laka ta kai ƙauri a ƙofar gida, kika zare waya daga tsohuwar tsintsiya kika ce, "Baba, duba. Kowane layi a duniya abu biyu ne ke riƙe da shi a kowane wuri: yadda yake lanƙwasa, da yadda yake murɗewa ya bar shimfiɗar da yake kwance a kai. Na farko inhina, na biyu iltiwa. In ka san su biyun tun daga farkon layi har ƙarshe, ka san siffarsa gaba ɗaya. Zobenka na ƙasa yana da na farko, na biyun babu." Na ce miki ai na sani. Ban san yana da suna ba, ya bitti. Ban san wani ya zauna ya tabbatar da cewa biyu ne ba uku ba.

Ki lura, ranar ba littafi a hannunki, littafin yana cikin akwati. Wayar tsintsiya ce kawai. To wane ne ya ce ya fita daga kanki? Shawarata ta farko ke nan: in alamomin allo suka yi miki yawa, ki riƙi abu a hannu. Na sa miki guntuwar wayar jan ƙarfe a aljihun jaka na gefe, mai laushi, irin wadda ba ta karyewa da wuri. Ki shiga da ita aji. In wani ya yi miki kallon raini, ki ce 'yar usta ce ke, a gidanku haka ake karatu.

Yanzu babban kuskuren. Kin san laimar ƙarfen nan mai yamutsattsen baki da ke kan randunan sabil a ƙofar warsha, inda masu wucewa ke shan ruwa. Kina ƙarama kina ce mata hular aljani. Kin kuma san daga inda ta fito, amma bari in ba ki labarin a jere, don ban taɓa ba da shi a jere ba.

A wancan lokacin ni ne sarkin hular gutiya, bukkar ciyawar nan tamu. Duk wanda ya gaji da ruwa yana zubo masa ta tsinin ɗakin ciyawa, wurina yake zuwa. Aikin ba wuya: ka yanki faifan saj, ka cire yanki guda kamar an ɗebi rabon mutum ɗaya, ka jawo bakunan biyu su haɗu, hula ta tashi da tsininta. Ganga da tanki ma haka, ka naɗe saj ya bi ka ba musu. Ƙarfe bai taɓa ce mini a'a ba, har na soma ɗauka tsorona yake ji.

Sai ga Faki Musa daga Mafaza, mai tsangayar bakin kogin Rahad, ya zo ya ce suna son ƙaramar ƙubba a kan masallacinsu. Ya tambaye ni a hankali, "Usta, ka taɓa yin irinta?" Na ce, "Ya Shehu, mece ce ƙubba? Hular gutiya ce da ta ci ta ƙoshi." Ya yi murmushi, ya sa albarka, ya tafi.

Na sayi saj mafi faɗi da ke kasuwa, na yanki faifai, na tona rami a bayan warsha na ɗora shi, na hau bugu. Tsakiya ta soma loɓawa, na ce ga ta nan zuwa. Sai baki ya tattare. Na bugi tattarar ta kwanta, wata ta tashi a gefenta. Na bugi wannan, ta farkon ta dawo da ƙawarta. Na sa wuta, na sa ruwa, na sa zagi. Abbakar ya kawo shawara mu taka bakin da ƙafar mota, ni kuma, Allah Ya yafe mini, na yarda. Abin da ya fito daga ƙarƙashin motar ba shi da suna a Hausa, ba shi da shi a Larabci.

Mai hankali da nan ya tsaya ya aika wa Faki da haƙuri. Ni na ce fenti zai rufe. Na shafa mata kore, muka ɗora a mota, muka kama hanyar Mafaza. Mun tarar gari ya fito, har da masu guɗa. Aka sauke ta a filin masallaci, guɗar ta mutu a tsakiya. Wata tsohuwa ta matso da sandarta ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Wannan tandar kisrar gari duka ce?" Faki Musa ya zagaya ta, ya sake zagayawa, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Usta, Allah Ya karɓi niyya. Ita kuwa ka koma da ita, kada yara su tsorata." Ya sa aka yanka mana kaza, aka soya kifin Rahad, muka ci. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A hanyar dawowa, da muka hango duwatsun Gadarif, Abbakar ya ce, "Haruna, hular ta ci, amma da alama bai zauna mata ba."

Daga baya na yi musu hular gutiya babba, ita ce a kan masallacin har yau. Ita kuma koriyar na ɗora ta a kan randuna, na ce dama don haka na yi ta. Tun daga nan duk wanda ya zo da maganar ƙubba sai in ce aiki ya yi mini yawa. A majalisa na ɗora laifin a kan mai sayar da saj. A raina kuwa na ɗauka hannuna ne ya gaza, cewa akwai wani usta a Omdurman ko Masar da zai ɗauki faifan nan guda ya lallaɓa shi ya zama ƙubba, ni ne ban kai ba. Na daɗe da wannan a ciki, ya bitti, ya fi shekarunki.

Kin tuna ranar da kika cire mini shi? Kin ɗauko ƙwaryar innarki da faifan shayi da zare. Kika kafa zaren a tsakiyar faifan, kika zana da'ira. Kika kife ƙwaryar, kika kafa zaren nan dai a ƙoƙonta, kika kwantar da shi a jikinta, kika zana wata. Sannan kika ce in auna kewayen kowace. Na auna. Ta ƙwarya ta fi gajarta. Kika ce, "Ka gani, Baba? Daga tsakiya zuwa baki tsawo ɗaya ne, amma ƙubba ba ta bukatar baki mai yawa kamar na faifai. Ragowar ƙarfen ina za shi? Dole ya tattare." Kika ƙara da cewa a kowane wuri a fuskar abu ana duba lanƙwasa ta fuska biyu, inda ta fi yawa da inda ta fi ƙanƙanta, a ninka ɗaya da ɗaya. A ganga da hular gutiya, fuska ɗaya miƙe take sak, don haka abin da ke fitowa sifiri ne, daidai da saj a kwance, shi ya sa suke bina. A ƙubba duka biyun a lanƙwashe suke, ba sifiri. Kuma naɗewa ba ta canja wannan lamba, sai dai a miƙar da ƙarfen kansa ko a yanka shi. Kika ce, "Ba hannunka ba ne. An tabbatar da shi da hujja. Ba ustan da zai naɗe saj guda ya zama ƙubba, ko a ina yake."

Na ce miki hmm, na shiga ɗaki. Abin da ba ki sani ba, ta ƙofar baya na fita, na tafi tasha da ƙwaryar innarki a hammata, na nemo Abbakar, na auna masa a gaban direbobi. Ya kalli zaren, ya kalle ni, ya ce, "To, mabruk, lissafi ya wanke ka a ƙubba. Matakalar fa, wa zai wanke ka?" Na ce ita ma tana da suna biyu, jahili. Ranar ni na sayi jabanar kowa.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Akwai abin da ba ya yiwuwa, akwai abin da yake da wuya kawai, kuma na ci shekaru ban iya raba su ba. Na bugi wanda ba ya yiwuwa har kafaɗata ta riƙe, sannan na guji mai yiwuwa, wato ƙubbar da ake yi da yanka-yanka kamar ɓarin kankana, saboda kunya. Ke an ba ki ilmin da ke raba su. To ki yi amfani da shi a kanki. Kawo mini hujja, irin ta zare da ƙwarya, cewa Sakina ba za ta iya cin jarrabawar nan ba. In kin kawo, ni da kaina zan zo Bur Sudan in ɗauko ki. In ba ki da ita, to wuya ce kawai, wuya kuwa a gidanmu ba baƙuwa ba ce.

Af, kafin in manta. Tun ranar da kika nuna mini a kan tiren dafaffen waken ful cewa in aka ɗan lanƙwasa gurasa ta gefe ba ta langaɓewa ta gaba, kuma dalili ɗaya ne da ya sa kwanon rufi yake da tudu da kwari, ban sake zubar da ful a riga ba. Innarki ta ce ko nan karatunki ya tsaya ya biya sabulu. Ki ci abinci, ya bitti. Kada ki shiga aji da shayi kaɗai a ciki. An ce zafin can da gumi yake zuwa, ba irin namu ba, ki yawaita ruwa. Kifin teku ki fara da kaɗan.

Maganar tajmid kuwa, na fi ki saninta, ko da yake a zamaninmu ba ta da ofis. Kin ji ni a majalisa ina cewa makaranta ce ta yi mini kaɗan. Akwai gaskiya a ciki, amma ga yadda ta faru. Ina sanawi, wato sakandare, malamin lissafi ya shigo ya rubuta haruffan sin da sad a allo, ya ce yau za mu yi aiki da abin da ba a sani ba. Na ɗaga hannu na ce, "Ya Ustaz, in ba a sani ba, mu je mu tambayo mana." Aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Ba mugunta ya yi ba, amma ni na ji ta har wuya. Daga ranar na koma kujerar baya, na daina tambaya, abin ya yi ta taruwa. Da kaka ta zo, aka ce ana neman masu taya gyaran injinan girbi a gonakin Basunda. Na ce wa kakanki kaka ɗaya kawai zan yi, in huta, in dawo da ƙarfina. Na bar wa abokina littattafaina ajiya. Kakar ta wuce, dawa ta bi riɗi, aiki ya bi aiki, hannuna ya yi daɗi, mutane suka fara ce mini usta. Ga furfura ta cika mini gemu, shekarar nan tana nan a jingine inda na bar ta.

Ban yi nadamar sana'ata ba, kada ki ji ni ba daidai ba. Na gina gida, na kai kakarki Makka, ba wanda ya taɓa ciyar da ku sai hannun nan. Amma ba wanda ya kore ni daga makaranta, kuma ban taɓa yanke shawarar bari ba. Jinginewa kawai na yi. Ita jinginewa daɗinta ke nan, ba ta sa mutum ya ji ya bari. Ke kuma yaƙi ya riga ya jingine miki ba da izininki ba. Kin dawo mana daga Khartum da jaka ɗaya da littafin nan a ƙirji, kin zauna kina jira tare da dubban 'ya'yan mutane. Wannan ba laifinki ba ne. Ta biyun kuwa da hannunki za ki sa, kuma ita ce nake tsoro.

Saboda haka ki zauna a gaba. Ki yi tambaya ko da za a yi dariya, dariya ba ta fasa kai, na gwada. In malami ya wuce ki, ki bi shi ofis da sallama. Ki nemi 'yan ajinku, duk kamarki suke, kowa ya kwana biyu bai ga allo ba, wasu ma ba su da ƙwarya da zaren da kika samu. Wanda ya fi ki ki zauna kusa da shi, wanda kika fi ki koya masa, don na lura ke ba ki gane abu sosai sai kina bayyana wa mai taurin kai. In ba ki samu mai taurin kai a can ba, ki buga mini waya.

Saura guda, kuma wannan sabuwa ce, fentinta bai bushe ba. Tun da kika fara zana mini awo a takardar buhun siminti, mazurari da gwiwar bututu da murfin tanki, saj ɗina ya daina lalacewa. Ni kuma bakina ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya shigo warsha sai na ɗaga takardar na ce, "Aikin 'yata ne. Warshar nan in ba Sakina rufewa za ta yi." Na faɗa a gaban manoma, na faɗa a gaban maƙwabtanmu mutanen Madani, na faɗa a gabanki. Ni alfahari nake yi, ashe ke kina ɗauka kina ajiyewa. To ki ji da kyau: ƙarya nake. Warshar nan ta yi shekaru tana ɓata ƙarfe cikin rufin asiri kafin ki iya riƙe fensir.

Kuma na yi maganin abin. Makon nan da kika ga ina dawowa a makare, takardunki nake kwafewa. Kowane awo da kika zana na ɗora shi a kan ragowar saj, na bi shi da alli, na yanke, na huda, na rataye a bango da sunansa. Yanzu ko ruwa ya ci takarda, ko akuya, awon yana nan. Ma'aikata ma sun iya ɗorawa su zana. Ba abin da ya rage miki a nan, khalas, shi ke nan. In kika ce don warsha za ki dawo, bango zai ƙaryata ki. Gidan zai yi shiru, gaskiya ne, ba mai gyara mini magana a kan tire. Wannan kuma matsalata ce ni da innarki, mun san yadda za mu yi, za mu ƙara faɗa da juna.

Ƙusa ɗaya na bari a bangon ba komai a kanta. Ga dalili. Kwanan baya ɗan Faki Musa ya zo, wanda ya gaji tsangayar bayan rasuwar mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa. Sun faɗaɗa masallacin saboda baƙin da suka sauka garin. Ya sha ruwa a sabil, ya ɗaga kai ya kalli laimar, ya ce, "Ammu Haruna, wannan ce?" Na ce ita ce. Ya yi dariya irin ta ubansa, ya ce tsohon har ya rasu yana cewa Usta Haruna zai kawo ƙubba wata rana, niyyarsa tana da kyau. Sannan ya ce, "To, mun zo karɓa."

Na buɗe baki in ce aiki ya yi mini yawa. Sai na ji na ce, "Za ku samu. Yanka-yanka za a yi ta, kowane yanki da awonsa. Amma mai awon tana da jarrabawa a Bur Sudan, sai ta gama." Ya ce za su jira, ai sun saba.

Na san abin da za ki ce: "Baba, wannan ai ko yau zan iya zana maka." Na sani. Ba na so. Wadda ta zauna jarrabawar nake so ta zana, don in an ɗora ƙubbar, tsofaffin Mafaza suka taru da sandunansu, in ce musu ga wadda ta karanta dalilin da ya sa ta farko ta tattare. In kin zauna kin ci, alhamdu lillahi, rago yana nan. In kin zauna ba ki ci ba, ki sake zama, wannan zan iya kai shi Mafaza kaina a sama, ni da na kai musu abin da ya fi haka. Amma in tajmid kika ɗauko, to ki sani motar Abbakar tana nan, ke za ki hau ki je ki yi musu bayani da bakinki. Ni na taɓa tsayawa a filin nan sau ɗaya, ya ishe ni.

An kawo wuta, ga injin yana gurnani, ma'aikata kuma ba alamarsu. Bari in tsaya nan.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki kira innarki kullum ko da gaisuwa ce, in ba haka ba ni zan sha. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke cikin mutanen kirki, Ya tsare ki daga zazzaɓi da mugun abokin zama da firgicin hanya. Allah Ya buɗe miki abin da ya rufe, Ya sanyaya miki zuciya ranar da aka raba takarda, Ya kawo wa ƙasar nan zaman lafiya ku yi karatunku ba gudu. Ya dawo mana da ke lafiya, da awon ƙubba a jaka. Ƙusar tana jira.

Wassalamu alaikum.

Ubanki,
Usta Haruna